Yadda ake auna damar ɗan takarar shugaban ƙasa idan zaɓe ya yi kankankan

Akwai teburin wani mai shayi a Tudun Wada da muke zama bayan sallar isha'i. Ana saura mako guda a yi zaɓen shugaban ƙasa na 2023, wani dattijo da muke ganin girmansa ya ajiye kofi ya dube ni ya ce, "Malam, ai magana ta ƙare. Ka ga taron da aka yi wa mutumin nan kuwa? Ba masaka tsinke." Na ce, "Na gani, Baba. Amma a cikinsu mutum nawa ke da kati, kuma nawa ne za su jure layi ranar Asabar?" Ya ce in bar wannan lissafin na 'yan boko. Da aka bayyana sakamako, kwana uku bai leƙo majalisa ba, kuma da ya dawo kalma ɗaya ce a bakinsa: an yi maguɗi.

Ban ce ba a maguɗi a ƙasar nan ba. Ana yi. Sai dai mutumin da ya sakankance cewa gwaninsa ba zai faɗi ba, duk sakamakon da ya zo saɓanin haka sata zai kira shi, kuma mu a Kaduna mun san inda irin wannan fushin ke kaiwa. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011 ya ci ɗaruruwan rayuka, jiharmu kuwa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Shi ya sa nake son kowa ya iya zama da takarda ya auna da kansa. Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu mai layi, fensir da abin gogewa, jan biro ɗaya, da kalkuletar da ke cikin wayarka.

Mataki na farko, san abin da doka ta kira nasara. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharaɗi biyu, kuma dole a cika su tare. Ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24. Ba a ce sai ya haura rabi ba. Bola Tinubu ya ci zaɓen 2023 da ƙuri'u 8,794,726, kusan kashi 37 cikin ɗari, Atiku Abubakar na biye da 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso 1,496,687. Idan ba wanda ya cika sharuɗɗan biyu, sai a je zagaye na biyu, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure: wanda zai kara da na ɗaya ba lallai ne ya zama na biyu a yawan ƙuri'u ba, shi ne wanda ya lashe jihohi mafi yawa a cikin sauran. Ba a taɓa zuwa zagaye na biyu a zaɓen shugaban Najeriya ba, amma sharaɗin nan na yaɗuwa ya taɓa kai ƙasa gaban alƙali. A 1979 jihohi 19 ne, Shehu Shagari ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a 12, a Kano kuma ya tsaya wajen kashi 20, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamar "sha biyu da biyu bisa uku" tsakaninsa da Obafemi Awolowo. A 2023 ma an ja kan Abuja, kotun ta ce ba dole ba ne sai an samu kashi 25 a can.

Idan zaɓen wata ƙasa kake aunawa, fara da dokarsu, kada ka ɗora tamu. A Ghana sai an haura rabi, haka ma yake a Nijar kafin juyin mulkin 2023. A Amurka wakilan jihohi ake ƙirgawa, 270 cikin 538, har ya sa a 2000 tazarar ƙuri'u 537 a Florida ta ba George Bush mulki duk da Al Gore ya fi shi yawan ƙuri'u a ƙasa baki ɗaya.

Mataki na biyu, zana jadawali. Layi 37, jihohi 36 da Abuja, ka jera su shiyya-shiyya, kada ka bi tsarin haruffa, za ka ga amfanin haka a gaba. A gaban kowace jiha ka buɗe gurbin masu rajista, gurbin waɗanda suka karɓi kati, gurbin ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓuka biyu na baya, sannan gurbi ɗaya ga kowane babban ɗan takara. Alƙaluman hukumar zaɓe ta INEC za ka yi amfani da su, ba na hoton da aka turo maka a WhatsApp ba.

Na uku shi ne inda nake so ka daɗe, domin nan ne yawancin masu hasashe ke zamewa: mutum nawa za su fito? A 2023 mutum miliyan 93.4 ne ke cikin rajista, wajen miliyan 87 suka karɓi kati, amma ƙuri'un da aka kaɗa ba su cika miliyan 25 ba. Wato wajen kashi 27 cikin ɗari. Kuma fitowar sauka take yi zaɓe bayan zaɓe: wajen kashi 54 a 2011, 44 a 2015, 35 a 2019. Duk wanda ya ce maka "jiha kaza tana da ƙuri'a miliyan bakwai" rajista yake karanta maka. Legas na da masu rajista sama da miliyan 7 a 2023, Kano miliyan 5.9, amma sahihan ƙuri'un da suka fito daga Kano sun kai wajen miliyan 1.7, na Legas kuwa ba su kai miliyan 1.3 ba. A akwati, Kano ta fi Legas nauyi.

Ɗauki tamu Kaduna, wadda a 2023 ita ce ta uku a yawan rajista da mutum 4,335,208. Sahihan ƙuri'un shugaban ƙasa sun tsaya wajen miliyan 1.36, kusan mutum ɗaya cikin uku. To ga yadda za ka yi: ɗauki sabon adadin rajistar jiha, ka ninka shi da kashin fitowar da ta saba yi. Misali, miliyan 4.3 sau kashi 32 cikin ɗari zai ba ka 1,376,000. Wannan ne tuwon da za a raba. Daga nan sai ka gyara da abin da ka sani na ƙasa. Shin akwai garuruwan da mutane suka watse saboda 'yan bindiga, kamar yadda aka sha gani a yankin Birnin Gwari da Giwa da Kajuru? Katin mutumin da ke gudun hijira a Rigasa yana nan, rumfarsa kuwa tana can ƙauyen da ya baro. Shin akwai wahalar da za ta hana tafiya? Wanda ya yi layin banki a watan Fabrairun 2023 lokacin canjin kuɗi ya san mutane da yawa ba su da kuɗin motar komawa garinsu su yi zaɓe. Shin ɗan jihar yana takara? Wannan kan ɗaga fitowa. Rubuta da fensir, za ka goge.

Mataki na huɗu, raba tuwon. A kowace jiha ka ba kowane ɗan takara adadi uku: mafi ƙaranci da zai iya samu idan abubuwa suka lalace masa, matsakaici, da mafi yawa idan komai ya tafi daidai. Tushen da za ka tsaya a kai shi ne sakamakon baya na jam'iyyarsa da na shi kansa, ba ƙarar lasifika ba. Jihar da ka sani sosai, sauka zuwa ƙananan hukumomi. Kaduna na da 23, kuma duk ɗan garin nan ya san ƙuri'ar Zariya da Igabi da Soba daban take da ta Jama'a da Zangon Kataf da Kaura, haka ma cikin gari, Kawo ba Sabon Tasha ba ce. Wanda ya zauna a Unguwar Sanusi ya saurari maƙwabtansa kawai, rabin jihar ya ji. Nemi abokin aiki ko abokin ciniki daga ƙetaren gada, wato kudancin garin Kaduna, ka tambaye shi abin da ake faɗa a cocinsu da kasuwarsu, ka saurara ba tare da musu ba. Jihohin da ba ka sani ba kuwa, buɗe tazarar da ke tsakanin ƙaramin adadi da babba, kada ka cika ta da fata.

A nan ne za ka koyi darajar zuwa na biyu. Mutane suna son ƙirga jihohin da aka lashe kamar ƙwallayen da aka zura, amma a 2023 Tinubu da Atiku da Obi kowanne ya lashe 12 idan aka haɗa da Abuja, Kwankwaso ya ɗauki Kano. Me ya raba su? Dubi shiyyarmu ta Arewa maso Yamma mai jihohi bakwai. Atiku ya ci Kaduna da Katsina da Kebbi da Sakkwato, Tinubu Jigawa da Zamfara kawai. Amma da aka tattara, Tinubu ya tashi da wajen miliyan 2.65 a shiyyar, Atiku miliyan 2.33. Dalili kuwa, a Katsina tazarar ba ta kai dubu bakwai ba, 489,045 da 482,283, a Kano kuma Tinubu ya sha kaye amma ya kwashi 517,341, Atiku 131,716. Ƙuri'un da Tinubu ya samu a Kanon da ya faɗi sun ninka waɗanda ya samu a Ekitin da ya lashe fiye da sau biyu. Saboda haka kada ka tambayi wa zai ci jiha ka tsaya nan. Tambayi da tazarar nawa.

Bayan ka raba, ɗauki jan biro ka zagaye duk inda ɗan takararka ya kai kashi 25. A Kaduna, Atiku ya samu 554,360, Tinubu 399,293, Obi 294,494, Kwankwaso 92,969. Kashi ɗaya bisa huɗu na miliyan 1.36 shi ne wajen 340,000. Ka ga Tinubu ya haye, Obi kuwa duk da ƙarfin da ya nuna a kudancin jihar ya gaza da kimanin dubu 45. Jihohin da ɗan takara ke lilo tsakanin kashi 20 da 30, sa musu alama ta daban, su ne za su yanke ko zai cika 24.

Na biyar, duba wa ke cin tuwon wa. Atiku da Obi tikiti ɗaya suka tsaya a 2019, Kwankwaso ma yana PDP a lokacin. Da suka rabu uku a 2023, jimillar ƙuri'unsu ta haura miliyan 14, amma kowa ya tashi da gutsure. Akasin haka aka gani a 2015. Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 12 da ɗoriya a 2003 da 2011 bai ci ba, sai da aka haɗa APC a 2013 ya samu ƙafa a Kudu maso Yamma, ya ci da 15,424,921 a kan 12,853,162 na Goodluck Jonathan. Sai dai ina gargaɗinka da abu guda: ƙuri'a ba buhun masara ba ce da za a sauke daga wannan mota a loda a waccan. Idan manya biyu suka haɗe, wasu mabiyan za su bi, wasu su yi fushi su zauna a gida, wasu su tsallaka can gaba. Ni idan ina lissafin haɗaka, a adadin ƙasa nakan ɗauka rabin mabiyan ne kawai za su bi, a adadin sama in ba su mafi yawa, amma ban taɓa ba su duka ba.

Haka batun gwamnoni. Gwamna na da tasiri, shi ke riƙe da tsarin jam'iyya tun daga mazaɓa, shi ke iya sa ejan a kowace rumfa, kuma rumfunan ƙasar nan sun haura dubu 176. Jam'iyyar da ba ta da mutum a rumfa ba ta da mai tsare mata ƙuri'a. Ficewar gwamnoni biyar daga PDP a Nuwamban 2013, ciki har da na Kano da Sakkwato da Ribas, ta girgiza jam'iyyar, haka ma bijirewar gwamnoni biyar ƙarƙashin Nyesom Wike kafin zaɓen 2023. Amma kada ka rubuta jiha sukutum a gurbin jam'iyyar gwamnanta. Gwamnonin APC ne a Kaduna da Katsina da Kebbi da Gombe da Yobe lokacin da Atiku ya lashe su. A nan gida PDP ta ɗauke kujerun sanata uku duka a ranar 25 ga Fabrairu, mako uku bayan haka, ranar 18 ga Maris, Uba Sani na APC ya ci gwamna da 730,002 a kan 719,196 na Isa Ashiru. Mutanen nan ɗaya ne, katunan ɗaya ne. Zamanin "sak" ya ja baya, mai zaɓe ya iya dafa wake da shinkafa. Kuma ka lura da wanda ya rasa tikiti ya yi shiru. Mai zagon ƙasa ba ya kiran taron manema labarai.

Na shida, ƙuri'ar jin ra'ayi. Kada ka watsar da ita, kada kuma ka rungume ta. Yi mata tambayoyi: wa ya biya kuɗin aikin, mutum nawa aka tambaya, ta waya ko gaba da gaba, da wane harshe, kuma a waɗanne jihohi? Ko an yi aikin da kyau, idan mutum dubu aka tambaya, sakamakon na iya kaucewa da maki uku sama ko ƙasa, don haka wanda aka ce yana da 34 da mai 32 kunnen doki suke. Tambaya ta waya kan tsallake matar da ke ƙauyen da ba sabis, alhali ita ce ke sammakon layi. Sannan dubi waɗanda suka ƙi faɗa. A ɗaya daga cikin binciken da aka fi yayatawa kafin zaɓen 2023, wanda ya sa Obi a gaba, waɗanda ba su yanke shawara ba da waɗanda suka ƙi bayyana zaɓinsu sun haura rabi. Irin wannan bai gaya maka wa zai ci ba, ya dai nuna maka cewa wani sabon ƙarfi ya taso, kuma hakan ya tabbata tunda Obi ya kayar da Tinubu a Legas. Zaɓen gwaji na Facebook kuwa, da yawan jama'a a Dandalin Murtala, kada su shiga littafinka ko kaɗan. Fuskokin da ka gani a gangamin wannan jam'iyya ranar Talata, wasunsu za ka gan su da wata hular ranar Alhamis.

Yanzu sai mataki na bakwai, wanda zai mayar da duk wannan ya zama amsa. Tara adadin kowace shiyya, na ƙasa da na tsakiya da na sama. Yanka ƙananan takardu uku ga kowace shiyya cikin shida, ka rubuta "ƙasa", "tsakiya", "sama", ka naɗe. Idan kana ganin matsakaicin ya fi yiwuwa, sa masa takarda biyu su zama huɗu. Zuba su a hula, ka sa yaro ya zaro ɗaya domin Arewa maso Yamma, ka rubuta, a mayar a girgiza, a zaro ta Arewa maso Gabas, haka har shida. Ka tuna idan gwaninka ya samu "sama" a shiyya, abokan karawarsa a can sai su sauka, domin tuwon bai ƙaru ba. Tara jimilla, ka duba sharuɗɗan nan biyu: ya fi kowa, kuma ya cika 24? Rubuta "ya ci", "ya faɗi" ko "zagaye na biyu". Maimaita sau ashirin. Idan ya ci sau 12, damarsa wajen shida cikin goma ce, ma'ana sau huɗu cikin goma zai faɗi ko a je zagaye na biyu ba tare da kowa ya sace masa komai ba.

Dalilin da ya sa na ce a zaro shiyya-shiyya shi ne jihohin da ke maƙwabtaka tare suke juyawa. Tsadar taki ko fushin rashin tsaro da ya taɓa manomin Katsina ya taɓa na Zamfara, wa'azin da aka ji a Zariya an ji shi a Funtuwa. Idan ka zaro wa kowace jiha tata daban, kurakuran za su riƙa cinye juna, lissafin ya ba ka tabbacin da babu shi. Idan kuma kana son ka gane ko son zuciya ya shiga, ba wani wanda ba ya ƙaunar ɗan takararka littafin ya cike nasa adadin, ku zaro da nasa ma. Inda kuka yi nisa da juna, nan ne ya kamata ku koma ku yi tambaya.

Sabunta littafin duk mako biyu, ko idan wani babban abu ya faru, kamar janyewar ɗan takara ko hukuncin kotu. Kada ka taɓa shi saboda jita-jita ɗaya.

Ranar zaɓe, bayan ka kaɗa taka, tsaya a ƙirga a gabanka, ka ɗauki hoton takardar sakamako ta EC8A bayan an cike ta a rumfa, ka gwada adadin ƙuri'un da na mutanen da na'urar BVAS ta tantance, daga baya ka duba ko ita ce aka ɗora a IReV, shafin intanet na INEC da ake ɗora sakamakon rumfuna. Amma kada ka auna ƙasa da rumfarka, kada kuma ka auna ta da jihohin farko da aka sanar, ƙanana ne kan riga isa zauren tattarawa a Abuja. Duk jihar da aka bayyana, rubuta ainihin adadin da jan biro kusa da hasashenka, ka ga ta wane ɓangare ka kauce. Idan gwaninka ya gaza matsakaicinka a Jigawa da Katsina, sauke shi a Kebbi da Sakkwato tun kafin a karanto su. Idan tazara ta matse sosai, nemi adadi biyu: lalatattun ƙuri'u, waɗanda a 2023 suka haura dubu 900, da yawan masu kati a rumfunan da aka soke zaɓensu. Muddin na biyun ya fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, hukuma na iya cewa zaɓe bai kammala ba, kamar yadda aka yi a zaɓen gwamnan Kano na 2019. A wannan halin sai ka buɗe sabon shafi, ka jera rumfunan da za a sake, ka nemo yadda kowacce ta yi zaɓe a baya, ka fara daga mataki na uku.